Ɗan Gidan Wane Ne?

Wanda ya sauka daga babbar hanyar Kubwa ya kama hanyar Bwari, kafin ya kai madatsar ruwa ta Usuma da Ushafa garin masu ginin tukwane, tilas ne ya ratsa ta Dutse Alhaji, garin da ya kwanta a gindin duwatsu ya cika ya batse, har gidaje suka fara hawa kan tuddan da a da sai awaki da masu itace. Idan ya tsaya a bakin kasuwa da hantsi ya kasa kunne, zai ji Hausa da harshen Gbagyi da Ibo da Yarbanci da Tibi da Fillanci suna gogayya, kowa yana ciniki da abin da ya samu a bakinsa. In kuwa ya ɗauki lokaci yana tambayar mutane inda aka yanke cibiyarsu, galibinsu za su ambata masa wani gari mai nisan tafiyar yini guda a mota, ko fiye.

Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A watan Fabrairu na 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda, ta yanki wannan ƙasa ta mai da ita mazaunin sabon babban birnin tarayya, aka ari sunan Abuja daga tsohon garin da Abu Ja ya kafa a 1828, shi kuwa tsohon garin aka sa masa Suleja. Sa'an nan a ran 12 ga Disamba 1991 fadar gwamnati ta taso daga Ikko ta tare. Tun daga lokacin ƙananan ma'aikata da magina da direbobi da 'yan tireda, waɗanda kuɗin hayar Garki da Wuse da Maitama ya fi ƙarfinsu, suka yi ta gangarowa ƙauyukan Gbagyi da ke kewaye da birnin, suna kama ɗaki ɗaya da niyyar shekara biyu, har shekara talatin ta same su a wurin. 'Ya'yan da suka haifa a nan yau sun zama magidanta.

Na taɓa raka wani maƙwabcina neman aure ga ɗansa, a gidan waɗansu mutanen ƙasar Katsina. Bayan an gaisa an natsu, kakan yarinyar, wanda aka ɗauko daga gida musamman domin wannan magana, ya sa aka kira masa saurayin, ya dube shi ya ce, "Yaro, kai ɗan gidan wane ne?" Yaron ya durƙusa ya ce, "Baba, ni ɗan nan Dutse Alhaji ne." Tsohon ya yi murmushi ya ce, "Nan ai masauki ne, ɗana. Gida nake tambaya." Yaron ya san sunan ubansa, ya san laƙabin da ake kiran kakansa da shi, daga nan kuma ilminsa ya tuƙe, uban ma da ya karɓi maganar bai wuce mutum uku ba ya fara kame-kame. A Katsina ko Kano ko Zariya wannan tambaya ba ta bukatar littafi, domin a kowace unguwa akwai tsohuwar da za ta warware maka salsalar gida bakwai tana tsinkar zogale, akwai maroƙin da ya haddace kirarin kakanni, akwai kuma tsagar fuska da ke gaya wa mai ido cewa wannan Bagobiri ne, wancan Babarbare ne. Amma tsohuwa ba ta bin ɗanta Abuja sai ganin likita ya kawo ta, maroƙi ya zauna inda ubangidansa yake, aska kuwa wanzamai sun kusa ajiye ta.

Kada mai karatu ya ɗauka wannan mas'ala ce ta alfahari kurum. Malaman fiƙihu ba su iya raba gado sai sun san wa ya haifi wa, wa kuma ya riga wa rasuwa. Gidan da aka bari ba a raba ba har magada suka mutu suka bar nasu magadan, abin da malaman fara'ili ke kira munasakha, ba ya warwaruwa sai da nasaba tabbatacciya, kuma alƙalai sun san irin shari'un da ke kwana shekaru a gabansu saboda rashinta. Aure ma haka, domin muharramai na jini da na shayarwa ba a gane su da ido. Ga kuma bukata ta zamani, wato takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma, wadda ake nema wajen shiga makaranta da ɗaukar aikin gwamnati, wadda ke tilasta wa yaron da bai taɓa kwana a garin ubansa ba ya je can ya nemi dagaci ko mai unguwa ya shaide shi.

A nan ne nake so mu leƙa gidan maƙwabtanmu Kirista, domin suna da wata al'ada da ta cancanci a san ta. A cocin Katolika, kowace ikilisiya ta unguwa, wadda suke kira farish, wajibi ne ta ajiye manyan littattafan rajista: na baftisma, na aure, na mamata. Wannan doka ta samo asali ne daga babban taron malamansu da aka yi a garin Tirento na ƙasar Italiya, wanda a 1563 ya wajabta rubuta baftisma da aure, daga baya a 1614 aka ƙara da rubuta mutuwa. A layi ɗaya na littafin baftisma za ka sami sunan jariri, da ranar haihuwarsa, da sunan ubansa da na uwarsa, da mazauninsu, da waɗanda suka tsaya masa a matsayin iyayen baftisma, da fadan da ya yi hidimar. Abin da ya fi ban sha'awa kuma shi ne, idan wannan jariri ya girma ya yi aure ko da a wata ƙasa ce, ƙa'ida ita ce a aiko da labari a rubuta a gefen wannan layi nasa na farko. Saboda haka shafi guda yana iya ɗauke da rayuwar mutum tun daga zanen goyo har zuwa ɗakin aurensa. Cocin Angalika da sauran ɗariƙu su ma suna da irin nasu littattafan.

A Ingila abin ya ma riga haka, domin a 1538 Tomas Kuromwel, wazirin Sarki Henri na Takwas, ya umarci kowane limamin coci ya riƙa rubuta baftisma da aure da jana'iza, alhali kuwa gwamnati ba ta fara tata rajistar haihuwa da mutuwa ba sai a 1837. Wato shekara ɗari uku, manomi da masaƙi da baiwar Allah mai wanki ba su da wani tarihi a duniya face waɗannan layuka. To, da intanet ta zo, sai jikokin waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka da Kanada da Ostareliya suka tashi neman tushensu, sai ya bayyana cewa kwamfuta ba ta san kakan kowa ba sai wani ya zauna ya gaya mata. Daga nan aikin sa kai na intanet ya samo asali. A ƙarshen shekarun 1990 aka kafa FreeREG, inda mutane ke karɓar hoton tsohon shafi a gidajensu, su karanta rubutun hannun limamin da ya mutu tun ƙarni uku, su kwafe sunaye da ranaku cikin jadawali, a zuba a rumbun da kowa zai bincika kyauta. A lardin Konwal kuma, a farkon shekarun 2000, aka ɓullo da wani tsari wanda ya fi kama hankalina: mutum ɗaya ya ɗauki farish ɗaya ya zama kamar magatakardansa na sa kai, ya tattara duk abin da ya shafi mutanen wurin, daga rajistar coci da ƙidaya har rubutun kan kaburbura, duk wanda ya aiko da tambaya daga ko'ina ya amsa masa, ba ya karɓar ko anini. Da yawansu tsofaffin malaman makaranta ne da ma'aikatan da suka yi ritaya, waɗansu ma ba su zaune a garin da suke yi wa hidima.

Mafi girman wannan aiki a duniya shi ne na FamilySearch, mallakar cocin da aka fi sani da Momon, mai hedkwata a jihar Yuta ta Amurka, wanda ƙungiyarsa ta nasaba ta fara tun 1894, ta kuma adana hotunan takardu cikin wani kogo da aka fafe a jikin dutse. Lokacin da aka saki takardun ƙidayar Amurka ta 1940 a shekarar 2012, 'yan sa kai fiye da dubu ɗari suka yi wa sunaye wajen miliyan 132 fihirisa cikin 'yan watanni. Sun kuma shigo Afirka ta Yamma, har da Nijeriya da Gana, suna ɗaukar nasabar baka daga bakin dattawa. Sai dai ya kamata duk wanda zai miƙa musu littafi ya san cewa himmarsu tana da tushe a aƙidarsu ta yi wa matattu baftisma a madadinsu, dalilin da ya sa a 2008 fadar Paparoma ta umarci limamanta kada su ba su rajistar farish. Wannan magana ce ta masu littafi, su ne za su yanke. Na ambace ta ne domin kada wani saurayi mai zafin nama ya ɗauki hoton abin da ba nasa ba ya aika, da nufin alheri, ya jawo rigima.

Coci-cocin Dutse Alhaji yara ne a ma'aunin wannan aiki. Abuja kanta ba ta zama yankin Katolika mai zaman kansa ba sai a 1981, ta zama dayosis a 1989, ta zama babbar dayosis a 1994, saboda haka mafi yawan sunayen da ke cikin littattafan nan masu su suna raye, suna hawa acaɓa suna zuwa kasuwa, ba kuwa a baza bayanan mai rai a intanet. Fa'idar littafin nan ita ce yana nuna hanya: ya ce uban wane daga wuri kaza yake, can kuma akwai tsohuwar mishan mai littafin da ya tsufa. Katolika sun sauka Lakwaja a 1884, Anaca a 1885, Shandam a 1907. Mishan ɗin da ya haifi cocin ECWA ya kafa tasha a Patigi a 1902. Mishan ɗin Angalika na Dokta Walta Mila ya tashi daga birnin Zariya ya koma Wusasa a 1929, inda zuriyar Hausawa da Fulani Kirista suka yi tushe, gidajen da suka fitar da irin su Dokta Dikko, likitan farko daga Arewa. Ɗan sa kai na farish ɗin Dutse Alhaji, in an same shi, rabin aikinsa tsare littafin gida ne daga gara da ɗigon damina, rabin kuwa zama gada tsakanin mai tambaya da waɗancan tsofaffin littattafai. Ba kuma Kirista kaɗai zai amfana ba, domin a cikin Gbagyi da mutanen kudancin Kaduna da zuriyar Maguzawa, kaka ɗaya yakan haifi gidan Musulmi da gidan Kirista, ta yadda Alhaji zai iya samun ranar haihuwar gwaggonsa a littafin fada.

Mu Musulmi kuwa, in aka zo batun ilmin nasaba, ba baƙi ba ne. Sayyadina Abubakar ya shahara da sanin nasabar Larabawa. Sayyadina Umar da ya kafa diwani ya sa an rubuta mutane ƙabila ƙabila, aka fara da dangin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Ibnul Kalbi ya wallafa Jamharatun Nasab, Ibnu Hazmin na Andalus ya wallafa Jamharatu Ansabil Arab. A ƙasarmu akwai littafin Asalin Wangarawa da aka rubuta a 1061 ta Hijira a kan zuwan Shaihu Abdurrahman Zaite Kano da zuriyarsa, akwai Tarihin Kano mai jera sarakuna tun daga Bagauda, akwai Ida'un Nusukh na Malam Abdullahi ɗan Fodiyo inda ya lissafa malaman da ya yi karatu a wurinsu, da yawansu kawunnansa da baffanninsa ne, akwai Tarihin Fulani na Waziri Junaidu. Amma mai lura zai ga waɗannan duka nasabar sarakuna ce da malamai. Maƙeri da majemi da manomi da mai tallan fura, waɗanda su ne jama'a, ba wanda ya rubuta su. Ran suna liman ya raɗa suna a kunne, maroƙi ya ɗaga murya ya sanar, a raba goro a watse. Ran ɗaurin aure waliyyai su yi siga, shaidu su ji sadaki, a shafa Fatiha a watse. Wannan ya wadatar a shari'a, ya kuma wadatar a garin da shaidun za su tsufa tare da ango. A garin da shaidu 'yan haya ne, waɗanda baɗi ɗaya zai koma Legas ɗaya a yi masa canjin wurin aiki zuwa Gombe, ni a ganina kwamitin kowane masallacin Juma'a ya kamata ya sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi, ya naɗa wa suna da aure da jana'iza magatakarda. Waɗansu masallatai sun fara ba da takardar aure, abin yabo ne, amma takardar da ke hannun ango tana ɓata ran da aka yi ƙaura ko gobara. Littafin da ya zauna a masallaci shi ne abin dogara. Rajistar haihuwa ta hukumar ƙidaya ma, wadda dokar 1992 ta wajabta, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 43 cikin ɗari ne kawai na yara 'yan ƙasa da shekara biyar aka yi wa.

Wanda ya ɗauki wannan aiki a tsakanin Hausawa, abin da zai fara ba shi wahala shi ne suna. Bature yana da sunan gida da ke bin zuriya ɗaruruwan shekaru, da shi ake jera fihirisa. Mu kuwa mutum sunansa da na ubansa ne, jika ya zo ya ɗauki na nasa uban, sunan kaka ya faɗi. Da makarantar boko ta zo sai aka riƙa liƙa wa yara sunan garinsu, shi ya sa muke da Abubakar Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Sa'adu Zungur da Shehu Shagari. Ta haka 'yan'uwa uku ciki ɗaya za su fito da sunaye uku, wannan ya ɗauki na uba, wancan na gari, na ukun sarautar kaka, Galadima ko Wali ko Liman. Sa'an nan ga sunan yanka ga laƙabi. Abubakar shi ne Garba shi ne Habu, Usman shi ne Shehu, Umaru shi ne Sanda, Yusufu shi ne Maitama, Hauwa ita ce Kulu, A'isha ita ce Indo, Fatsima ita ce Binta. Kwamfuta kuwa, in ba a koya mata ba, za ta ƙirga mutum ɗaya mutum uku. Ga alkunya, wadda ta hana uwa faɗin sunan ɗanta na fari, ta hana mace faɗin sunan mijinta, ta sa yaron da ya ci sunan kakansa ya tashi ana ce masa Abba ko Baba har ya yi furfura jikokinsa ba su taɓa jin sunansa na yanka ba. Mai tambaya mai hankali ba ya matsa wa tsohuwa ta faɗi abin da kunya ta hana ta. Sai ya nemi ƙanwar mijin ko wata taubashiya ta faɗa, ita kuwa ta gyaɗa kai. A littattafan coci kuma akwai tasu matsalar, domin fadan da ya zo daga Ailan ya rubuta Ɗanladi da Ɗanjuma yadda kunnensa ya ji, ya kuma mai da Bitrus da Bulus da Yohanna zuwa siffarsu ta Latin.

Ƙa'idar masu wannan aiki a ko'ina ita ce ka kwafi abin da ka gani, ko da ka tabbata kuskure ne, sa'an nan ka rubuta gyaranka a gefe da sunanka. Almajirin da ya taɓa kwafar littafi a zaure ba zai ji wannan baƙon abu ba, domin marubutanmu na da sun san illar tas'hifi, sun san ɗigo ɗaya yana mai da wani suna wani, shi ya sa suke yin muƙabala, ɗaya yana karanta asali ɗaya yana bin kwafi, in an yi gyara a gefen shafi a sa masa alamar sahha. A da, masu fihirisar FamilySearch sun daɗe suna bin irin wannan hanya: mutum biyu su kwafi shafi ɗaya ba tare da sun ga aikin juna ba, inda suka saɓa na uku ya duba ya raba gardama.

Bayan suna sai shekara. Dattijon da aka haifa kafin zuwan takardar asibiti ba zai ce maka 1927 ba, zai ce an haife shi shekarar yunwar 'Yar Buhu, ko ya ce uwarsa ta ce tana goyonsa Sarauniya ta zo, wato 1956. Saboda haka ɗan sa kai yana bukatar jadawalin irin waɗannan alamomi a aljihunsa: yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, annobar marisuwa ta 1918, sarautar Sarkin Katsina Dikko daga 1906 zuwa 1944, ta Sarkin Kano Abdullahi Bayero daga 1926 zuwa 1953, canjin hannu na tuƙi a 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira a 1973. In kuwa ya yi sa'a ya sami gidan malamai inda aka rubuta haihuwar 'ya'ya da ajami a bayan wani kundi ko a takardar da ke cikin gafaka, to, sai ya tuna shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana goma sha ɗaya, ya kuma rubuta duka biyun. Ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna tana da rahotannin da jami'an mulkin Turawa suka rubuta lokacin ƙiyasta haraji, gunduma gunduma, cikinsu akwai tarihin ƙauyuka da jerin dagatai. Gidan Arewa a Kaduna da ma'ajiyar Waziri Junaidu a Sakkwato su ma suna da nasu. Amma wanda ya je can yana tsammanin samun kakansa talaka da suna, sai in shari'a ta taɓa kai kakan gaban alƙali.

Mafi yawan nasabar talaka tana bakin mata ne. Wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Meri Simit ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 aka buga a 1954, zai ga yadda tsohuwa ɗaya da ba ta yi boko ba ta riƙe aure da saki da riƙo da ƙaura na dangi masu yawa a kanta. Irinta suna nan a kowane gida, kuma wayar da ke hannun kowane saurayi a Dutse Alhaji ta isa ta ɗauki muryarsu. Sharaɗin kawai shi ne a bi hanyar masu hadisi, a rubuta wa ya faɗa, daga wa ya ji, a ina, yaushe. Riwayar baka tana da halinta: takan tsallake kakannin tsakiya waɗanda ba su yi suna ba, ta haɗa jika da kakan kakansa, takan kuma karkata zuwa Gabas, domin kowa yana son a ce tushensa Bagadaza ne ko Yaman ko gidan Sharifai. Ba aikin ɗan sa kai ba ne ya ƙaryata dattijo a zaurensa. Ya rubuta yadda aka faɗa, ya sa sunan mai riwaya, in wata gwaggo ta kawo saɓanin haka ya rubuta nata a ƙarƙashi.

Akwai kuma abin da za a ji wanda ba na bazawa ba ne, nan ne kuma amana take shigowa. Bauta ba ta daɗe da ƙarewa a ƙasar nan ba: Turawa sun shelanta cewa duk wanda aka haifa bayan ƙarshen Maris 1901 ɗa ne, ba a kuma soke bautar ɗungum a Arewa ba sai a 1936, takardun fansa da na 'yantawa kuwa suna nan a ajiye da sunaye. Gidaje da yawa masu mutunci a yau suna da wannan a bayansu, waɗansu sun sani sun yi shiru, waɗansu ba su sani ba. Haka batun ɗan gaba da Fatiha, da agolan da aka rena a matsayin ɗa, da wanda ya sauya addini aka daina ambatonsa. Mai neman nasabar kansa yana da haƙƙin sanin abin da aka samu. Taron WhatsApp na dangi ba shi da wannan haƙƙi sai da yardar masu abin. Ban da haka ma, ranar haihuwa da sunan mahaifiya su ne abin da 'yan damfara ke nema domin shiga asusun banki, kuma tun 2023 Nijeriya tana da dokar kare bayanan mutane. Shi ya sa masu wannan aiki a wurare da yawa ba sa sakin abin da bai kai shekara ɗari ba. Su ɗauki hoton shafin da izinin mai littafi, su ajiye kwafi biyu a wurare biyu, su yi fihirisa, amma mai tambaya sai ya zo da kansa ya nuna dangantakarsa.

Kayan aikin ba su da yawa: waya mai kyamara mai kyau, teburi kusa da taga domin hasken rana ya fi na fitila, hannu mai tsabta, littafin rubutu, da haƙurin zama awa biyu a kan shafi goma. Wahalar ita ce aikin ba shi da ranar biki, ba a kiran mai yinsa a lasifika, kuma wanda zai fi cin moriyarsa wataƙila ba a haife shi ba tukuna. Masu neman lada suna iya lissafa shi cikin sada zumunci.

Saurayin nan da na ambata, an ba shi matar, domin bincike ya nuna gidansu ba shi da abin faɗa. Amma tambayar tsohon ta tsaya masa a rai, har da aka yi hutun Babbar Salla ya bi ubansa gida, ya zauna kwana uku a ɗakin yayar uban da waya a kan tabarma. Ya dawo da sunaye shida a jere, da sunan wani ƙauye da aka ce daga can kakan kakansa ya taso da jakuna yana fataucin goro zuwa Gwanja, da labarin wani ɗan'uwan kakan da ya tafi Makka a ƙasa bai dawo ba, ana jin zuriyarsa na Sudan. A kan suna na biyar gwaggon ta ce Mamman, wani baffa ya rantse Mamuda ne, sai ya rubuta duka biyun, kowanne da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Gwaggon ta rasu da azumin da ya biyo baya.